Gwiwa na ciwo, Yaya na faɗa

Wasiƙar wannan makon daga Kaduna ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Kawu. Shekarata 37, aikin ofis nake yi. Wata takwas da suka wuce aka auna ni a asibiti aka ce jinina ya hau, likita ya ɗora ni a kan magani, ya ce in rage ƙiba. Sai na fara sassarfa bayan sallar asuba, kilomita biyar, sau uku a mako. Alhamdulillahi na sauko daga kilo 94 zuwa 86. Daɗin abin ya ja ni na ƙudura shiga gudun famfalaki na Legas a watan Fabrairu, sai na mayar da gudun kwana shida a mako. Cikin wata biyu na kai wajen kilomita 50. Matsalar ita ce gwiwata ta dama. Ta gaba take ciwo, wajen ƙoƙo, in ina saukowa daga bene, ko na daɗe a zaune, ko zan tashi daga sujada. Bayana ma a ƙage yake. Wani abokin aikina ya ce jijiyoyina ne suka ɗaure, in riƙa yin yoga. Mako uku ke nan ina bin wani bidiyo a YouTube, awa guda kullum kafin in fita. Gwiwar ba ta daina ba, ga wani sabon ciwo ya ɓullo a ƙasan mazaunai. Har maganin kemis nake sha don in samu in yi gudun. Abin da ya fi damuna shi ne 'yata mai shekara biyar ta je gidan Hajiya ta ce Abba yana sallar Indiya a ɗaki. Yayana ya kira ni ya yi mini wankin babban bargo, ya ce bautar rana na fara. Yanzu a ɓoye nake yi kamar mai laifi. Shin yoga na da amfani ga mai gudu, ko ɓata lokacina nake yi har ina jawo wa kaina zunubi?"

Wa alaikumus salamu ɗana. Allah ya ƙara lafiya, ya kuma raya mana 'yar jaridar nan ta gidanka da ba ta kwana da labari. Na yi dariya da na zo kan sallar Indiya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba, domin akwai layi guda a wasiƙarka da ya fi faɗan Yaya tayar mini da hankali, kai kuwa ka wuce shi kamar ba komai ba. Maganin kemis ɗin nan nake nufi. Ba ka faɗi sunansa ba, amma in irin su diclofenac ne ko ibuprofen, waɗanda yaran kemis suka fi miƙo wa duk wanda ya ce gaɓa na yi masa ciwo, to ka ajiye shi daga yau. Irin waɗannan magunguna suna iya ɗaga jini, suna rage wa wasu magungunan hawan jini ƙarfi, suna kuma takura wa ƙoda, musamman lokacin da mutum ke zubar da gumi ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Kai ga hawan jini, ga doguwar hanya a ƙafa. Ka ɗauki kwalin ka kai wa likitan da ke duba ka ya gani da idonsa. Ban da wannan ma, ciwon nan ɗan aike ne gwiwa ta turo maka, sai ka toshe masa baki ka ci gaba da abin da aka aiko shi ya hana ka.

Ruwa ba ya tsami banza. Koma ka karanta lissafin da kai da kanka ka rubuto. Lokacin da kake kilomita 15 a mako gwiwa ba ta ce uffan ba, kilo takwas suka kama gabansu. Ka ninka nauyin aikin sama da sau uku cikin wata biyu, ka kwashe ranakun hutun ka bar guda ɗaya tal. Kowane taku a gudu, ƙafar da ta sauka tana karɓar ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka. A kilo 86, ka ɗauka kamar buhun shinkafa huɗu ake saukewa a kan ƙafa ɗaya, a ɗauke, a sake saukewa, sau dubban da ba za ka iya ƙirgawa ba kafin mako ya zagayo. Abin da ke yaudarar sababbin masu gudu shi ne zuciya da huhu suna saurin sabawa. Cikin 'yan makonni hakin ya ragu, mutum ya ji zai iya kaiwa Zariya a ƙafa. Jijiyoyi da ƙashi da guringuntsi kuwa watanni suke ɗauka kafin su yi ƙwarin da zai ɗauki wannan duka. Injinka ya gyaru, ƙafar motar tana nan yadda take, kai kuma sai taka totur kake yi.

Abin da ka kwatanta, ciwo a gaban gwiwa wanda ke tashi a saukar bene da dogon zama da tasowa daga durƙuso, yana cikin ciwukan da suka fi addabar masu gudu, har laƙabin gwiwar mai gudu ake yi masa. Yawanci yana lafawa in an rage gudu aka ƙarfafa cinya da kwatangwalo. Amma daga takarda nake karanta ka, wanda zai taɓa gwiwar da hannunsa shi zai tabbatar. Ka je sashen gashi na asibiti su duba. In kuwa gwiwar ta kumbura, ko tana ƙagewa ta ƙi miƙuwa, ko tana zamewa kamar za ta kayar da kai, ko ciwon na tashinka daga barci, to kada ka jira ƙarshen wata. Mai ɗori da man zafi ba su da aiki a nan.

To, sai maganar abokin aikinka cewa jijiya ce ta ɗaure. Wannan magana kowa na faɗinta, ni ma na yi shekaru ina faɗi. Jiki ya yi tsami, sai a ce a miƙe shi. Sai dai da masu bincike suka zauna suka auna, abin bai fito yadda muke zato ba. A 2014 wasu masana daga Denmak suka tattara gwaje-gwaje 25 da aka yi a kan mutane sama da 26,000, suna neman sanin wane irin atisaye ne ke rage raunin 'yan wasa. Atisayen ƙarfafa tsoka ya rage raunuka zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Miƙa jiki kuwa ba a ga ya hana komai ba. Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki. Andrew Jones, masanin nan na Ingila da ya yi shekaru yana auna Paula Radcliffe, matar da ta yi gudun famfalakin Landan cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 25 a 2003, ya gwada manyan 'yan gudu 34 a wani bincike da ya fito a 2002. Ya zaunar da su ƙafa a miƙe su kai hannu zuwa yatsun ƙafa. Waɗanda suka fi kasa kaiwa su ne suka fi tattalin iska a gudu. Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa harbin tsuntsu yana yaro. Agara da jijiyoyin ƙafa kamar danƙo suke aiki, suna ajiye ƙarfi in ka sauka, su maido maka in za ka tashi. Danƙon da ya saki ba ya kai dutse ko'ina.

Ka ga kenan awa gudan da kake kwashewa kana jan jijiya kafin ka fita, a gurbin da bai dace ba ka saka ta. Tsokar da aka ja aka riƙe sama da minti guda takan ɗan rasa ƙarfinta na wani lokaci, kai kuma a daidai lokacin kake ɗora mata kilomita takwas ko goma. Sabon ciwon da ya ɓullo maka a ƙasan mazaunai kuwa, na san shi farin sani, don ni ma ya taɓa kwana a gidana. Shekarun baya na shiga wani wurin motsa jiki, aka zaunar da mu a kan tabarmar roba aka ce kowa ya kamo yatsun ƙafarsa. Yaron da ke gefena, wanda na haifi kamarsa, ya kifa goshi a kan gwiwa kamar an naɗe tabarma. Ni hannuna ko sharaɓa bai wuce ba. Girman kai ya hana ni haƙura. Mai koyarwar ya zo ta baya ya dafa kafaɗuna ya danna, wai taimakona yake yi. Na ji wani abu ya ce tsit a daidai ƙashin da mutum ke zama a kai. Wata huɗu na yi ina zama da gefe guda a mota, in na je ɗaurin aure sai in nemi bango in tsaya, mutane na zaton ladabi ne. Jijiyar bayan cinya a jikin wannan ƙashin take maƙale, kuma sunkuyo mai zurfi da ƙafa a miƙe yana matse ta a kan ƙashin. Wanda ke gudu kwana shida ya riga ya gajiyar da ita, sai ya zo yana ƙara ja. Duk wani motsi a bidiyon nan da ke cewa ka sunkuya ka taɓa ƙasa, ka yi masa sallama tukuna.

Kada ka ce Kawu ya kashe yoga. Tana da amfani ga mai gudu, amma ba ta ƙofar da abokinka ya nuna maka take shigowa ba.

Ka yi langa kana yaro? Ka kama ƙafa ɗaya da hannu, ka yi ta tsalle da ɗayar, kana ture abokin karawa ba tare da ka faɗi ba. In ka lura, gudu ɗan'uwan langa ne. Babu lokacin da ƙafafunka biyu suke ƙasa tare, ko dai kana kan ɗaya ko kana iska. Duk ƙarfin da zai hana ka karkacewa daga tsokokin gefen kwatangwalo da na mazaunai da na ciki yake fitowa. In sun yi rauni, sai ƙugu ya riƙa zubewa gefe guda, gwiwa ta riƙa faɗawa ciki a kowane taku, ƙoƙon gwiwa ya riƙa gogar inda bai kamata ba. Gwada da kanka gobe da safe. Tsaya gaban madubi da gajeren wando, ɗaga ƙafar hagu, ka ɗan lanƙwasa ta dama a hankali kamar za ka zauna. Zuba wa ƙoƙon gwiwar ido. In ya bi saitin yatsan ƙafarka na biyu, madalla. In ya leƙa ciki yana neman ɗan'uwansa, ƙugunka ya karkace, yatsunka suna ƙanƙame siminti, to ka ga ɓarawon. Ranar da na fara gwadawa labule na kama, ni da labulen da sandarsa muka sauko tare.

A nan yoga ta yi fice. Yawancin tsayuwarta a kan ƙafa ɗaya ne, ko ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, a riƙe jiki cik ana numfashi. Wadda suke kira tsayuwar itace, inda za ka ɗora tafin ƙafa a jikin sharaɓar ɗaya ƙafar ka tsaya, ita ce langa ba tsalle. Kada dai ka ɗora tafin a kan gwiwar kanta. Akwai wadda za ka kwanta rigingine, ka kafa tafin ƙafafu a ƙasa, ka ɗaga ƙugu sama kamar gada, in ka saba ka riƙa yi da ƙafa ɗaya. Akwai kwanciyar gefe, ka tokare da gwiwar hannu ka ɗaga ƙugu jiki ya miƙe kamar azara. Daƙiƙa ashirin a nan za ka ji wata tsoka da ba ka san kana da ita ba tana kiran sunanka. Waɗannan duk ƙarfi suke ginawa, kuma su ne rabin yogar da masu bidiyo ba su cika nunawa ba, don ba sa ba da sha'awa a hoto kamar mutum ya ɗora ƙafa a wuya. In ƙarfin ya fara zama, ka haɗa da tsugunno da hawa dakali da ƙafa ɗaya, har wata rana da ɗan nauyi a hannu, domin akwai inda yoga take tsayawa, ƙarfe ko jarkar ruwa su ɗora.

Sai bayanka da ya ƙage. Wannan kujerar ofis ce ta ci amanarka, gudu tona asirin kawai ya yi. Dubi Hajiya ko wata tsohuwar da ke gidanku in tana shara da guntuwar tsintsiya, daga ƙugu take lanƙwasawa baya a miƙe sambal. Dubi dattijon da zai tsuguna a bakin kasuwa diddige a ƙasa ya yi awa guda yana ciniki. Mutanen da suka tashi a kan tabarma da tsugunno ba su san tsamin ƙugun da muke kuka da shi ba. Mu kuwa daga kujerar mota zuwa ta ofis, daga ta ofis zuwa ta falo, gaban cinya a naɗe wuni guda. In akwai inda miƙa za ta yi maka rana, to nan ne. Durƙusa da gwiwa ɗaya a kan matashi, ɗaya ƙafar a gaba, ka matse mazaunai ka ɗan tura ƙugu gaba har ka ji jan a gaban cinyar da ke baya. Rabin minti ya isa. In durƙuson na tayar da ciwon gwiwar dama, yi shi a tsaye. Game da ciwon baya, hujjar yoga ta fi ƙarfi fiye da ta gwiwa: a 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta saka ta cikin abubuwan da ta ce a fara gwadawa ga mai daɗaɗɗen ciwon ƙasan baya kafin a kai ga ƙwaya.

Amfanin yoga na uku shi ne wanda na fi so maka, kuma shi ne mafi wuyar sayarwa ga mutum irinka. Wasiƙarka gaba ɗaya da gudu aka rubuta ta. Kwana uku bai isa ba sai shida, yoga ma sai awa guda kullum. Duk abin da ka kama sai ka ƙure shi. Zama minti biyar kana jan numfashi a hankali, ka ƙirga huɗu a shiga shida a fita, wajen numfashi shida a minti, yana saukar da bugun zuciya, yana kwantar da jiki, yana taimaka wa barci. Barcin kuwa shi ne lokacin da jiki ke ɗinke abin da gudu ya yaga. Bayan dogon gudu ka kwanta ka jingina ƙafafu a bango ka yi wannan numfashin. Wanda ya saba tsayawa shiru yana sauraron jikinsa, shi ke gane bambancin tsamin gajiya da ciwon da ke cewa tsaya, tun abin yana ɗan haki bai tsone ido ba. Da kana da wannan kunnen, da tun a mako na biyu ka ji gwiwar nan tana gunaguni.

Yadda zan so ka tsara abin ba wuya. Kashe awa gudan nan ta asuba. Kafin gudu, tafiya da sauri ta minti biyar zuwa goma, ka ɗan wurga ƙafafu gaba da baya, shi kenan, balle ga hunturu na tahowa jiki na tashi a sandare. Yogar ka mai da ita yamma ko ranar da ba ka gudu, minti ashirin, sau biyu ko uku a mako. Gudun ka dawo da shi kwana uku, kilomita huɗu ko biyar, da ranar hutu a tsakani, a kan burji ko filin makaranta in da hali, ka guji gangara. Ka rage tsawon takunka kaɗan ka ƙara yawansa, wannan kaɗai yana sauke wa gwiwa kaya. Ma'auninka shi ne wayewar gari: in ciwon ɗan kaɗan ne kuma ya lafa kafin washegari, ci gaba, in ya kwana ya tashi da kai, ka yi yawa. Saboda jininka kuma, ban yarda ka tsaya da ka ƙafa a sama ba, ko ka ɗora nauyin jiki a kan wuya, ko ka riƙe numfashi kana yunƙuri. Tsayuwa da ka tana ɗaga matsin cikin ido, riƙe numfashi yana harba jini sama. In ka ji ciwon ƙirji ko jiri a gudu ko a tabarma, asibiti kai tsaye.

Yanzu mu zo ga Yaya. Kada ka raina maganarsa, don ba daga iska ya ɗauko ta ba. Yoga a Indiya ta samo asali, cikin addinan can, kuma a tsarin da wani malaminsu mai suna Patanjali ya shimfiɗa ƙarnuka da dama da suka wuce rassa takwas gare ta, zaman jiki reshe ɗaya ne kawai a ciki, sauran tarbiyyar ruhi ce irin tasu. Jerin motsin da yawancin bidiyoyi ke buɗewa da shi, inda ake haɗa tafin hannu a ƙirji a ɗaga sama a sunkuya, sunansa Surya Namaskar, ma'anarsa gaisuwar rana. In abin da 'yarka ta gani ke nan, to yarinyar ba ta yi ƙarya ba, Yaya ma yana da abin kamawa. A ɗaya gefen kuma, yogar motsa jiki da ta cika duniya yau yawancinta a ƙarni na 20 aka tsara ta. Wani malamin yoga mai suna Krishnamacharya ya koyar da ita ga samari a fadar sarkin Maisur ta Indiya a shekarun 1930, ɗalibansa suka yaɗa ta Turai da Amurka, kuma masu tarihi sun nuna ta ari abubuwa daga atisayen 'yan kokawar Indiya da na Turawa. Shi ya sa za ka je sashen gashi a ba ka gadar nan da kwanciyar gefen nan, babu wanda zai ambaci Indiya.

Malamai sun yi magana a kai, kuma bakinsu bai zo ɗaya ba. A Nuwamban 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmin ƙasar yoga saboda abin da ke cikinta na ibadar Hindu. Wata biyu bayan haka, a Janairun 2009, majalisar malaman Indonesiya ta raba abin biyu: wadda ke ɗauke da waƙe-waƙen bauta da kiran sunaye haramun ce, wadda motsa jiki ce zalla an bari. Saudiyya kuma a 2017 ta amince da koyar da ita a matsayin wasan motsa jiki. Fatawa aikin malamai ce, don haka ka ɗauki Yaya ku je wurin malamin da shi yake ganin girmansa. Kada ka je da kalmar yoga kawai a baki, ka nuna wa malam motsin ɗaya bayan ɗaya da abin da likita ya ce, ya yi hukunci a kan abin da ya gani. Kafin nan, abin da ke fili ka bar shi: gaisuwar rana, furta kalmar nan tasu ta om, haɗa hannu ana rusuna wa malamin bidiyo, da duk wani ambaton da ba ka san ma'anarsa ba. Babu ko ɗaya a cikinsu da gwiwarka ke buƙata. Kuma ina roƙonka, kada ka kare kanka da maganar nan da wasu ke yi wai ai salla ma yoga ce, ruku'u da sujada duk miƙa jiki ne. Salla ibada ce, ba don jijiya aka farlanta ta ba. Ka faɗa wa Yaya haka, ka ƙara wa wutar fetur, kuma a wannan karon ni ma ina bayansa.

In bayan duk wannan zuciyarka ba ta kwanta ba, ka san hadisin da ya ce ka bar abin da ke sa ka kokwanto ka kama wanda ba ya sa ka kokwanto. Ka goge bidiyon, ka karɓi takardar atisaye daga hannun likitan gashi, ka yi ta. Ba ka yi asarar komai ba, gwiwa ba ta jin Indiyanci. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ɓuyan nan. Magidanci ya kulle ɗaki da asuba, ana jiyo muryar baƙo daga waya, yarinya ta leƙa ta ga uba ya ɗaga hannu sama, me kake so a ce? Ɓuyan ne ya ba abin kamannin laifi. Fito da tabarmarka falo, maiɗakinka na gani. Ka je har gida ka sami Yaya, ba ta waya ba, ka yi masa godiya da ya ji tsoron a kan addininka, ka gaya masa abin da ka bari da abin da ka riƙe da dalili. Yayan da ya kira ka ya yi faɗa ya fi wanda zai ji ya yi shiru ya kai maganar majalisa.

Legas kuwa, ga abin da ba za ka so ji ba. Kilomita 42 da mita 195 ne, a shekarun baya daga filin wasa na Surulere ake tashi, a haye doguwar gadar nan ta Third Mainland, a ƙare a Eko Atlantic, cikin zafi da gumin bakin teku da mutumin Kaduna bai saba da shi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kai kuma gorarka ma a tsage take. Tun 2016 ake wannan gudun duk shekara, ba bana za a daina ba. Suna da na kilomita 10 a rana ɗaya, shi nake so ka sa a gaba, in likitanka ya amince kuma gwiwar ta yi shiru zuwa ƙarshen Disamba. Ka je ka ga taron, ka ji yadda iskar take, ka karɓo lambarka ka kawo wa Hajiya. Babban ka bar wa baɗi, ka shiga da ƙafar da ta shekara tana shiri.

Ita kuma 'yar jaridar, ba ta aiki. Ka gaya mata sunan abin atisayen gwiwa, ka tsaya da ƙafa ɗaya ita ta riƙa ƙirga maka, in ka gaji ku yi musanya ka ga yadda za ta kunyata ka. Bayan mako shida ka rubuto mini daƙiƙa nawa ƙafar dama ta kai ido a rufe, da abin da malam ya ce. Ka gaishe mini da Hajiya da Yaya.